Kafin A Ce "A Yi Mata Fomat"

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu da malamanmu da ma'aikata da masu shagon buga takardu ba a kwali aka sayo su ba. Na hannu ne. Sun yi 'yan shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka, kamfanoni suka sauya su da sababbi, 'yan kasuwa suka kwaso su zuwa Legas, daga Computer Village ta Ikeja suka hauro Arewa, suka sauka a titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja. Shi ya sa duk inda ka leƙa sai ka ga HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad. Kuma an yi dace, domin irin waɗannan don aikin ofis na yini guda aka ƙera su. Suna da ƙarko, da yawansu kuma da sukundireba kaɗai ake buɗe su a sauya abin da ya gaji.

Duk da haka kukan masu su iri ɗaya ne: ta yi nauyi, tana maƙalewa, tana ɗaukar zafi, batir ba ya riƙe caji, tana cinye data. Maganin da aka saba ji shi ma ɗaya ne, wai a kai ta a yi mata fomat. A goge komai, a sake ɗora Windows, mutum ya biya ya dawo gida. Za ta yi sauƙi na ɗan lokaci, sannan ta koma gidan jiya, tunda ba a taɓa tushen cutar ba. A hanya kuwa sau da yawa an rasa hotuna da takardu, an kuma ɗora mata Windows na sata. Ba laifin masu gyara nake gani ba. A cikinsu akwai gwanaye, kuma fomat ce hanya mafi sauri ga mutumin da kwamfutoci goma ke jiransa a kan benci. Abin da ke damuna shi ne mai kwamfutar kansa bai san cewa injin na iya gaya masa inda ke yi mata ciwo ba, kyauta, cikin minti biyu.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare. Tagar da za ta buɗe sunanta Task Manager. Shiga ɓangaren Performance, za ka ga abubuwa uku da suka fi muhimmanci: CPU, Memory da Disk, kowanne da kason aikin da yake ɗauke da shi a wannan lokacin. Don a fahimci bambancinsu, ɗauki mai shagon kayan masarufi. Firosesa, wato CPU, shi ne mai shagon. RAM, wanda aka rubuta Memory, ita ce kantar da yake baje kayan da ake saye yanzu. Faifan ajiya kuma sito ne a bayan shago. In kanta ta yi ƙanƙanta, ko hanyar sito ta yi nisa, mai shago komai zafin namansa zai yini yana kai da kawowa, masu saye na tsaye. A yawancin tsofaffin kwamfutoci abin da ke faruwa ke nan. Za ka tarar firosesa na zaune a kashi 10 ko 15 cikin ɗari, amma Disk ya kafe a 100 ya ƙi sauka. Wanda ya ga haka ya riga ya san cutar, kuma fomat ba ta warkar da ita.

Tsohon faifan ajiya, wanda ake kira HDD, faranti ne na gaske da ke juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti a laftof, da wata allura da ke yawo a kansa tana neman bayanai. Abin da yake iya karantawa bai wuce wajen megabait 100 a daƙiƙa ba, kuma in fayilolin ƙanana ne a warwatse, saurin yakan faɗi ƙasa warwas. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai arahar cikinsu yana kaiwa wajen megabait 500 a daƙiƙa, kuma ba ya ɓata lokaci wurin nemo ƙananan fayiloli, wanda shi ne aikin da Windows ke yi dare da rana. Kwamfutar da ke shafe minti biyu ko uku kafin ta farfaɗo, in aka sa mata SSD takan tashi cikin ƙasa da rabin minti. A ganina babu kuɗin da mutum zai kashe wa tsohuwar kwamfuta da ya kai wannan amfani. Ko mai gigabait 256 ya wadatar, tsohon faifan kuma a sa shi a ɗan akwatinsa na USB ya zama ma'ajiyar waje. Akwai wata riba da ba a cika ambata ba: laftof ɗin da ke hawa babur ko Keke Napep kullum tana shan girgiza, faifai mai allura ba ya jure wannan, SSD kuwa bai damu ba.

Bayan faifai sai RAM. Gigabait 4 a yau ya yi kaɗan, domin Windows kaɗai na cinye fiye da rabinsa kafin ka buɗe komai. Gigabait 8 ne mafi ƙarancin abin da mutum zai yi aiki da shi cikin natsuwa. Task Manager ɗin yakan nuna ko akwai gurbin ƙari a ciki, sai dai wasu siraran kwamfutoci an liƙe musu RAM a jikin allon injin, ba a ƙara musu.

Mai shirin saye kuma ya kula da wani abu. A kasuwa za ka ji ana cewa "Core i7 ce" kamar magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin zamanin firosesa. Core i7-4600U ɗan zamani na huɗu ne, mai ƙwaƙwalwa biyu. Core i5-8250U, wanda ya fito a 2017, ɗan zamani na takwas ne mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma ya fi wancan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Sitikar da ke manne a jikin kwamfuta ba hujja ba ce, a buɗe Task Manager a karanta da ido a gaban mai sayarwa.

Ba kowane nauyi ne ke bukatar kuɗi ba. A cikin Task Manager akwai ɓangaren Startup, jerin manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta. Kusan kowace manhaja da aka ɗora tana son cusa kanta a nan: Teams, Spotify, manhajar firinta, masu sauke bidiyo. Duk wadda ba ka bukata tun da sassafe, danna mata Disable. Ba a goge ta ba, tana nan, sai dai ba za ta tashi ba sai ka kira ta.

Sannan ga wani abu da ko waɗanda suka daɗe da kwamfuta ba su cika sani ba. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. Windows na adana wani sashe na halin da take ciki a faifai don ta tashi da wuri gobe. Restart ne ke wanke komai a faro daga farko. Mai shakka ya duba Up time a ƙarƙashin CPU: zai iya ganin kwana 20 ko 30 alhali kullum yana kashe ta da dare. Saboda haka in kwamfuta ta fara rikici, Restart ne farkon magani, kuma ya kyautu a riƙa yinsa ko sau ɗaya a mako. Al'adar nan kuwa ta danna Refresh sau goma a fuskar kwamfuta ba ta ƙara mata sauri ko kaɗan, gumakan da ke fuskar kawai take sake zanawa. Haka ma manhajojin da ke alkawarin share kwamfuta su ninka saurinta: mafi yawansu ƙarin kaya ne, wasu ma talla suke cusowa. Windows na da mai shararta, Storage Sense da Disk Cleanup, kuma sun isa. Abin kiyayewa kawai kada a bar faifai ya cika maƙil har sandarsa ta koma ja.

Zafi kuwa matsalarmu ce ta musamman, domin waɗanda suka ƙera injinan nan ofis mai na'urar sanyaya ɗaki suke hange, ba ɗakin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ba, inda zafi ke haura digiri 40. Firosesa na da dabarar kare kansa: in ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudu da gangan don kada ya ƙone, in abin ya ci tura ya kashe kwamfutar. Mai ita sai ya ce ta tsufa, alhali numfashi ta kasa yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara lokacin da ya buɗe laftof ɗin da ta yi hunturu biyu ko uku ba a share ta ba ya ga abin: tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, ƙura da zaren tufafi sun haɗu sun daskare, ana ɗago su da ɗan hantsaki su fito a dunƙule, launin toka, iska ba ta da ta inda za ta wuce. Fanka na ta ihu, zafi na nan a ciki. A cire wannan, a goge busasshen man da ke kan firosesa a shafa sabo, sai ka ji kwamfuta ta yi shiru ta dawo hayyacinta. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, ya dace a yi wannan. Mai hura mata iska da kansa ya riƙe fankar kada ta yi ta juyawa da ƙarfin iskar, domin hakan na lalata ta. Kuma a daina ɗora laftof a kan katifa ko filo ko dardumar ɗaki. Ta ƙasa take shaƙar iska. Faranti ko katako ko babban littafi mai tauri ya wadatar.

Zafin nan dai shi ne babban abokin gabar batir. Batirin litiyam ba ya son zafi, ba ya son a riƙa tsotse shi har ya mutu, ba ya kuma son ya dawwama a cike yana jone. Ya fi daɗewa in yana yawo tsakanin kashi 20 da 80. Na san a garin da wuta ke zuwa awa huɗu ba wanda zai ga wuta ya ƙi cika batir, kuma ba zan ce a ƙi ba. Amma mai sola ko wanda kwamfutarsa ke yini a jone a ofis, ya nemi inda ake iyakance caji: Lenovo da Dell da ASUS duk suna da wannan a manhajojinsu. Akwai kuma hanyar sanin gaskiyar batir. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Windows za ta fitar da rahoto mai nuna lambobi biyu, Design capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, abin da yake iya ɗauka yau. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, batir ya tafi. Wannan gwaji a gaban mai sayarwa ya fi duk wata rantsuwa cewa tana yin awa biyar. Batirin da ya kumbura har ya fara ɗaga wurin linzami ko ya buɗe bakin kwamfuta kuwa, a cire shi ranar, domin yana iya kamawa da wuta.

Cajar laftof ta asali tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ƙarancin wuta bai cika damunta ba. Abin da ke kashe ta, har ya wuce ya taɓa allon injin, shi ne bugun da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita, ko lokacin da janareta ke tashi ko yake shirin mutuwa. A zare caja in an ɗauke wuta, a bari ta daidaita kafin a mayar. Caja kuma ba wurin neman araha ba ce.

Batun data gajere ne amma yana ceton kuɗi. Windows na ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin intanet marar iyaka, ba ta san hotsifot ɗin wayarka ba ne. Da ka jona sai ta hau sauke sabuntawa, OneDrive ya hau loda hotuna. A shiga Settings, sashen Network, a zaɓi sunan hotsifot ɗin, a kunna Metered connection. Daga nan za ta riƙa taka tsantsan. A wurin kuma akwai Data usage, mai nuna manhajar da ta ci nawa cikin kwana 30 da suka wuce, kuma nan ake kama ɓarawon. Sai dai kada wannan ya zama dalilin daina sabunta Windows kwata-kwata. A jira datar dare mai rahusa, ko Wi-Fi na makaranta ko ofis, a bar ta ta yi.

Duk wannan gyaran inji ne. Amma in za a faɗi gaskiya, lokacin da muke ɓatawa a gaban kwamfuta mafi yawansa a hannunmu yake zubewa, ba a firosesa ba. Mutum zai sa sabon SSD, sannan ya ci gaba da laluben haruffa da yatsa biyu, yana jan linzami zuwa sama don neman Copy. Yankewa da kwafa da liƙawa, waɗanda Larry Tesler da abokan aikinsa suka samar a cibiyar binciken Xerox a shekarun 1970, kusan kowa ya san su: Ctrl+X, Ctrl+C, Ctrl+V. Kaɗan ne suka san Windows+V, wanda ke buɗe jerin abubuwa har 25 da ka kwafa a baya, ka zaɓi wanda kake so. Ga sakatare ko mai cike fom ɗin rajista, wannan kaɗai yana rage rabin wahala. Ctrl+Z na mayar da abin da aka ɓata, har fayil ɗin da aka goge yanzu bisa kuskure. Ctrl+Shift+T na dawo da shafin intanet da aka rufe. Ctrl+F na nemo kalma a cikin littafi mai shafi 400. Windows+Shift+S na yanko hoton wani sashe na allo, ba sai an ɗauki waya an haska shi ba. Alt+Tab na tsallakawa tsakanin tagogi, Windows da kibiyar hagu ko dama na raba allo biyu, littafi a gefe, rubutu a gefe. Windows+L kuma na kulle kwamfuta in za a tashi zuwa salla. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke aiki da kibod ɗin Faransanci su lura cewa A da Z da Q da W ba a wuri ɗaya suke da na Najeriya ba, amma umarnin ɗaya ne. Ba a haddace su a rana guda. Biyu a mako, a tilasta wa hannu har ya saba.

Ɗaga yatsa ka shafa F da J, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. An sa shi ne don manuniya ta gane mazauninta ba tare da ido ya sauka ba. Koyon bugu da yatsu goma aikin 'yan makonni ne, minti 15 a rana, akwai kuma manhajoji da shafuka na kyauta da ke koyarwa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da hannunsa bai taɓa sabawa da kibod da linzami ba yana shiga ɗakin nan da fargaba biyu, ta tambayoyi da ta inji. Duk gidan da ke da kwamfuta, ko tsohuwa ce, a bar yara mata da maza su taɓa ta.

Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu su ne suka fi ba ni tausayi. Za ka ga yarinya ta danna Enter sau goma sha biyar don babi na biyu ya fara a sabon shafi, ta zauna ta buga jerin abubuwan da ke ciki da hannu, ɗigo bayan ɗigo, lamba bayan lamba. Malami ya ce a ƙara sakin layi ɗaya a babi na farko, komai ya rushe. Alhali Ctrl+Enter na buɗe sabon shafi da ba ya gocewa. In kuma aka sa wa kanun babi salon Heading 1, ƙananan kanu Heading 2, Word da kansa zai gina jerin daga sashen References, ya kuma gyara lambobin shafi da dannawa ɗaya. Kafin a kai shagon bugawa a mayar da aikin PDF, ta haka ne shafi ba zai zame a kwamfutar mai shago ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, wato haruffa masu lanƙwasa. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka baƙi da baki, amma rubutunmu da yawa a kwamfuta yana fita babu su. A shekarun 1990, lokacin da babu wata hanya, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa madaba'u da marubutan Hausa babbar hidima. Dabarar wancan zamani ita ce a ɗora harafin Hausa a mazaunin wata alama da ba a cika bukata ba. Shi ya sa har yau in tsohon rubutu ya je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai ka ga alamomi irin } da ] da ~ sun fito a tsakiyar kalma. Yanzu an wuce nan. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma Times New Roman da Arial duk suna ɗauke da su. A cikin Word, rubuta 0199 ka danna Alt+X, sai ya rikiɗe ya zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ da ake amfani da ita a Nijar kuma 01B4. Manyan su ne 0198 da 018A da 0181 da 01B3. Ba lallai a riƙa buga lambobin kullum ba: a sashen Symbol na Word ana iya ɗaura wa kowane harafi maɓallinsa sau ɗaya, shi ke nan. Mafi sauƙi ma, Windows na da kibod ɗin Hausa a cikinta. A ƙara shi a sashen harsuna na Settings, a riƙa sauyawa da Windows da maɓallin tazara, sannan Alt na dama tare da k ko d ko b ya ba da mai lanƙwasa. Akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL. Na daɗe a kan wannan ne don rubutun da aka yi da haruffan Unicode shi ne wanda za a iya nemowa a intanet, a karanta a kowace waya, a kuma buɗe bayan shekara ashirin a same shi yadda aka bar shi.

Sai maganar bairos. Wanda ya fi addabar mu shi ne na filash, wanda ake kwasowa a shagunan bugawa: ka dawo gida ka ga foldodinka sun koma gumaka masu 'yar kibiya. Kada a danna su, dannawar ce ke shigar da cutar. Kada kuma a yi gaggawar goge filash ɗin, domin fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Bayan an bincike shi da manhajar tsaro, umarnin attrib -h -r -s /s /d tare da harafin filash ɗin, in aka rubuta shi a Command Prompt, yana fito da su. Hanya mafi aminci ita ce a daina kai filash shago, a tura PDF ta imel ko WhatsApp. Game da manhajar tsaro kuwa, Microsoft Defender da ke cikin Windows 10 da 11 ta isa mutumin da ke sabunta kwamfutarsa. Ɗora biyu ko uku tare ba ƙarin tsaro ba ne, faɗa suke yi da juna, kwamfuta ta ƙara nauyi. Babbar ƙofar ɓarna ita ce manhajar sata, wadda sharaɗinta na farko shi ne ka kashe mai gadinka kafin ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da imel a cikinta ba wurin wannan kasada ba ce, musamman da yake akwai halastattun madadi na kyauta: LibreOffice don rubutu da lissafi, VLC don bidiyo, GIMP don hotuna, 7-Zip don matsattsun fayiloli. Wanda ke ganin sabuntawa ɓata data ne ya tuna WannaCry, wadda a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora shi ba.

Ko an kiyaye duk wannan, kowane faifai zai mutu wata rana, SSD ma yakan mutu ba tare da gargaɗi ba, ga sata, ga ruwan sama, ga gobara. Ana sayen wata kwamfutar. Kundin digiri da aka yi shekara biyu ana rubutawa, da lissafin bashin abokan ciniki, da hotunan mahaifin da ya rasu, waɗannan babu su a kasuwa. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki ba a gida ɗaya da kwamfutar ba. Raba faifai gida biyu a ajiye kaya a ɓangaren D ba ya cikin lissafi, domin faifan ɗaya ne, in ya tafi da duka zai tafi. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive na ba da 5, kuma takardun rubutu ba su da nauyi, kundi guda bai kai bidiyon minti ɗaya ba. Ko tura wa kai imel duk ranar Juma'a ya fi babu. A yi hattara da filash na jabu, mai rubutun gigabait 128 a jiki da farashin da bai kai na 16 ba: zai nuna kamar ya karɓi kaya, ranar bukata a tarar ba sa buɗuwa. Kuma kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara ko mai saye, a kwashe abin da ke na sirri ne, na iyali musamman, a fita daga asusun da ke burauza.

Tambayar da ta rage ita ce ta Windows 10, wadda har yanzu ɗimbin kwamfutocinmu ke kanta. Microsoft ya daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba 2025, ya kuma buɗe ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, sai dai duk ɓarakar da aka gano bayan wa'adin ba mai toshe ta. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zamani na takwas zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Wannan ya bar miliyoyin injina masu rai da lafiya a waje, kuma irinsu ne za su ƙara kwararowa kasuwanninmu da araha. Mai saye yanzu kada ya sauka ƙasa da zamani na takwas, ko da zai ƙara haƙuri ya tara kuɗin. Ana iya tursasa wa tsohuwar kwamfuta Windows 11 ta bayan gida, masu gyara na yi, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba, don haka ya kamata mai ita ya san a kan me ya tsaya.

Ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet da kallo da lissafi, ina ganin Linux Mint ta cancanci a gwada ta. Kyauta ce, halastacciya ce, fuskarta na kama da ta Windows, tana zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki, kuma tana tafiya da sauƙi a injin da ya haura shekara goma. Ana ɗora ta a filash a tayar da kwamfuta daga nan, a yi yini ana juya ta ba tare da an taɓa abin da ke faifai ba, a tabbatar Wi-Fi da sauti da firinta suna aiki kafin a yanke shawara. Wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, kamar masu zanen katin biki da alluna, shi kam Linux ba za ta ɗauke shi ba, domin waɗannan manhajoji ba a yi su dominta ba. Nasa shi ne ya yi rajistar ƙarin wa'adin in bai ƙare ba, ya raba injin zane da harkar banki, ya fara tanadin wadda za ta ɗauki Windows 11.